Tukunyar Gaz da Gidan da Ban Saya Ba

Aikina a asibitin garin da nake zaune, can arewacin Faransa, tura gadon marasa lafiya ne. Daga ɗakin gaggawa zuwa ɗakin hoto, daga can zuwa ɗakin tiyata, haka nake wuni. Karatu ya kawo ni ƙasar, karatun ya tsaya a hanya, gadon ya riƙe ni. Ba na kuka da shi, don shi ke ciyar da matata Yagana da yaranmu, Fanna da Bukar, da na bari a Diffa a gidan mahaifinta, Baba Mele.

Baba Mele manomin tattasai ne. Gonarsa tana bakin kogin Komadugu, kuma tun da tashin hankali ya raba shi da ita ya dawo cikin gari, yana sayen buhu yana sayarwa a kasuwa. Gidansa ya cika da dangi, waɗansu daga Bosso, waɗansu daga ƙauyukan bakin ruwa, kowa ya zo da tabarmarsa bai koma ba. Yagana da yara ɗaki ɗaya suke da wata gwaggonta. Saboda haka duk lokacin da na kira, bayan gaisuwa, tambaya ɗaya ce: yaushe za ka ɗauki iyalinka?

Kafin a ba ka izinin kawo iyali, sai hukuma ta turo mutum ya auna inda za ka sa su. Ni kuwa ɗakina a gidan ma'aikata, in na miƙe hannuwa ina taɓa bango da bango. Na nemi haya har na gaji. A waya a ce mini gida yana nan, in na iso aka ga fuskata sai a ce ɗazu-ɗazu aka ba wani. Wata abokiyar aikina ta ce tunda aikina na dindindin ne, in gwada banki in sayi ƙarami, don mai sayarwa bai damu da fuska ba kamar mai ba da haya. Bankin ya yarda, ni kaina na yi mamaki.

Gidan da na samu ɗan siriri ne na jan bulo, manne da maƙwabtansa, ɗaki biyu a sama, ƴar farfajiya a baya. Tsohuwar da ke ciki ta rasu, ɗanta yana kudu, yana son ya rabu da shi. Ina tsaye a farfajiyar na ɗauki hoto na tura wa Yagana. Kafin la'asar rabin unguwarmu a Diffa sun ji cewa Ari ya sayi gida a Turai.

Dillalin, wani Mushe Paskal, mai ƙamshin turare da saurin baki, ya zaga da ni ko'ina amma ya wuce wata ƙaramar ƙofa a kicin. Na buɗe. Ga tukunyar gaz a rataye a bango, wadda suke ce wa shodiyar. Ita ce ke dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya ɗumama ɗakuna, in babu ita a ƙasar nan gida rami ne na sanyi. Wannan ta tsufa, fentinta ya koma ruwan ƙwai, kuma bangon da ke samanta ya yi baƙi-baƙi.

Da ban yi aiki a asibiti ba da na rufe ƙofar na wuce. Amma a wani lokacin sanyi ni na tura gadon wata mata da aka kawo da ƴaƴanta, duk a sume. Tukunyar gidansu ce ta yi ta fitar da wata iska marar wari marar launi, suna zaune suna kallon talabijin. Matar da babban sun tashi. Ƙaramin ni na tura shi zuwa ɗakin da ba a dawowa. Nauyinsa a gadon bai fi na Bukar ba.

Na ce wa Mushe Paskal ina son a duba tukunyar kafin in sa hannu.

Ya ce, "An riga an duba, Mushe Ari. Doka ce. Ba a sayar da gida sai an duba gaz."

Na ce, "An kunna ta?"

Ya ce, "Mutumin ƙwararre ne."

Na sake cewa, "An kunna ta?"

Sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce tunda gidan ba kowa, an yanke gaz tun bayan rasuwar tsohuwar, amma mutumin ya duba da ido, komai lafiya. Ya ƙara da cewa tsohuwa ta zauna da wannan tukunya shekara da shekaru har ta mutu da tsufa. Na so in tambaye shi wa ya tabbatar mishi tsufa ne, na haɗiye. Ya ce akwai wasu mata da miji da ke son gidan, shi dai don ya ga ni mutumin kirki ne ya fara kawo ni. Na ce na gode, amma sai an kunna.

Ranar Juma'a Baba Mele ya karɓi waya daga hannun Yagana.

"Ari, an ce ka sayi gida."

"Baba, ban saya ba tukuna. Akwai abin da nake son a duba."

"Rufin yana yoyo?"

"A'a."

"Akwai rigimar gado?"

"Babu. Injin ɗumama gidan ne."

Ina jin kukan awaki a bayansa, da wani yana zuba ruwa a ƙasa don ya samu inda zai zauna, domin a lokacin Diffa tana tsakiyar bazara.

"Injin me?"

"Na ɗumama gida, Baba. Yana sa gida ya yi zafi."

"Zafi kake nema?" Ya juya yana gaya wa mutanen da ke zaune da shi, na ji dariya ta tashi. "Ari, in zafi ne ya rage, faɗa mini buhu nawa kake so, gobe in sa maka a mota. Ni na sayi gidan nan da shaidu biyu da fatiha. In injin ya lalace ka rufa da bargo har ka gyara."

Na fara bayani a kan iska, a kan bututu. Da Barbarci muke magana, kuma na rasa kalmomin abin gaba ɗaya, na dinga tsoma Faransanci, shi kuwa duk kalmar Faransanci da na saka sai ya ɗauka ina ɓoye wani abu a bayanta. Daga ƙarshe ya ce Fanna za ta shiga lekol, wato makarantar boko, bayan damina, gara ta fara a inda za ta zauna. Ya miƙa wa Yagana wayar ba tare da ya yi mini sallama ba.

Neman mai duba tukunya ya zama mini aiki na biyu. Wanda na fara kira ya ce ba ya taɓa tukunyar gidan da ba nawa ba. Na biyu ya ce sai wata mai zuwa. Na uku ya ji muryata ya ce ba ya aiki a wannan unguwa, alhali a jikin motarsa, da nake gani kullum, sunan unguwar ne a rubuce.

Ana cikin haka Isuhu ya ji labari. Isuhu ɗan Damagaram ne, ɗakinsa yana kallon nawa, kuma babu sana'ar da bai taɓa yi ba in ka ji daga bakinsa. Ya ce me ya sa zan wahalar da kaina da Turawa, shi ya yi aikin famfo a Libiya. Na ce a Libiya ana ɗumama gida? Ya ce tukunya tukunya ce. Ya matsa har na tafi da shi ranar da Mushe Paskal ya buɗe mini in sake auna ɗakuna. Isuhu ya ƙwanƙwasa jikin tukunyar da makulli, ya kanga kunne, ya shinshina, ya ce, "Ƙarfen da ne, irin wanda ba a yi yanzu. Wannan jikokinka ma za su gada." Mushe Paskal ya kama hannunsa yana girgizawa kamar ya ga ɗan'uwa. A hanyar komawa Isuhu ya ce in sai mishi shawarma ladan aikinsa. Da daddare kuma, ban san ta ina ya samu lambar ba, ya aika wa ƙanin Yagana saƙo cewa shi ya duba da kansa, ba abin da ya samu injin, Ari ne dai mai tsoro.

Daga nan wayata ba ta huta ba. Ƙanin Yagana, kawuna da ke Gagamari, har wani abokin lekol da rabona da shi tun muna yara, kowa da nasiharsa. Yagana kaɗai ba ta ce komai ba, kuma shirunta ya fi damuna. Ranar da na matsa mata, ta ce, "Baban Fanna, ni ban san injin ba. Abin da na sani, mata suna shigowa yi mini barka, ni kuma ina amsawa."

Na samu wani mai gyara da ya yarda. Na roƙi a canja mini ranar aiki, na shiga bis, na iso kafin lokaci. Mutumin ya zo da jakarsa, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya juyo ya ce, "Ai babu gaz." Na dubi Mushe Paskal, wanda ya yi mini alkawari tun farkon mako cewa za a buɗe. Ya ce ya manta cewa sai mai gida ya nema da kansa. Mai gyaran ya karɓi ladan zuwansa ya tafi, bai ko cire rigar sanyi ba.

Mai gida kuma ba ya ɗaukar waya. Da ya ɗauka ya ce shi bai ga dalilin da zai buɗe gaz a gidan da ba kowa ba. Da ya yarda, kamfanin gaz ya ba da rana, ranar ta zo Mushe Paskal yana wani gari da makulli a aljihunsa. Na tsaya a bakin ƙofa cikin yayyafi tare da ma'aikacin gaz, muna kallon juna. Wata tsohuwa a gidan da ke manne ta leƙo, ta ga yadda na jiƙe, ta shiga ta fito mini da kofi a kofin tangaran. Ba ta tambaye ni komai ba, ta tsaya har na shanye ta karɓi kofinta. A duk wannan tsakanin ita kaɗai ta yi mini abin da ban roƙa ba.

A ƙarshe dai aka buɗe gaz. Mai gyaran da ya zo ya tarar ba gaz ya ce shi ya gama da ni. Abokiyar aikina ta haɗa ni da wadda ke duba tata, wata Madam Odil, doguwa, marar yawan magana, hannuwanta kamar na mai sussukar gero. Ta zo a kan lokaci. Ta ce a rufe tagogi da ƙofar kicin kamar yadda za a rufe su da sanyi, ta rataya wani ɗan inji a wuyanta, ta kunna tukunyar.

Ta kama. Wuta ta tashi a ƴar tagar da ke jikinta, bututu suka fara ƙara, Mushe Paskal ya buɗe hannuwa yana murmushi, ya ce, "To, ka gani." Ni ma wallahi zuciyata ta yi sanyi. Na fara tunanin inda zan sa gadon yara.

Ba a daɗe ba ɗan injin ya fara kuka.

Madam Odil ta kashe tukunyar, ta buɗe taga, ta ce mu fita farfajiya. Ban ji warin komai ba. Ba hayaƙi, ba komai, kicin yana nan fes kamar yadda muka shigo. Ta ɗauko tsani daga motarta ta hau rufi, ta leƙa bututun hayaƙi, ta zaro wani dunƙulen ƙirare ta jefo mana ƙasa. Ta ce wasu tsuntsaye masu kama da hankaka sun yi sheƙa a ciki, sheƙa a kan sheƙa, wadda ta zaro ta sama ce kawai. Ta ce ko an share bututun, cikin tukunyar ya tsage, ba ta gyaruwa, sai sabuwa. Ta rufe famfon gaz, ta ɗaura mishi jan ƙyalle, ta ce kada wanda ya sake kunnawa.

Ina tsammanin Mushe Paskal zai ji kunya. Haushi ya ji. Ya ce tukunyar da ta daɗe a kashe dole ta yi haka a kunnawar farko, masu gyara kuma kowa ya san su, sabuwa suke son sayarwa. Madam Odil tana naɗe igiyarta ta ce ita ba ta sayar da tukunya, ta shiga mota.

Na ce a gaya wa mai gida ya canja, ko ya rage mini abin da zan canja da shi, don abin da banki ya ba ni gidan kawai ya isa. Amsa ta zo bayan kwana biyu: gida yana nan yadda yake, mai so ya ɗauka. Kafin mako ya ƙare Mushe Paskal ya aiko mini cewa waɗancan mata da mijin sun sa hannu. Ashe su dai da gaske ne.

Na kira gida ina jan ƙafa. Baba Mele ya sa wayar a amsa-kuwwa, yadda kowa zai ji.

"Wato gidan ya tafi."

"Ya tafi, Baba."

"Saboda sheƙar tsuntsu."

Na buɗe baki zan sake shiga bututu da iska, sai na ji muryar Yagana daga gefe. Ba ta saba sa baki in mahaifinta yana magana ba. Ta ce ita ta sa na yi mata bayani sau da yawa har ta gane. Ta ce, "Baba, kaskon gawayi ne a ɗaki a rufe. Shi ke nan. Sai dai nasu a bango yake, kuma ba a ganin garwashin."

Ni ban sani ba sai daga baya, ashe lokacin da Baba Mele yake saurayi yana bin masu bandar kifi a Bosso, wani daren sanyi abokansa biyu suka shiga da kasko cikin bukka suka toshe ƙofa da buhu. Shi ne ya buɗe ta da safe, ya tarar sun rasu.

Da ya yi magana, muryarsa ta sauka. Ya ce, "Me ya sa tun farko ba ka ce gawayi ba ne? Kana ta inji, inji." Kafin in amsa ya ce, "Su waɗanda suka saya, sun sani?"

Na ce dillali ya sani, mai gida ya sani, akwai jan ƙyalle a famfon.

"Ƙyalle ai kwance shi ake yi. Suna da yara?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ka je ka gaya musu."

Na ce a ƙasar nan ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum haka kawai, balle ni, balle a kan gidan da na nema na rasa. Ya ce shi bai tambaye ni al'adar ƙasar ba. Mutumin da ya yi wata da watanni yana kirana don in sayi gidan, yanzu ya koma kirana don ya ji ko na je. Duk Juma'a, bayan gaisuwa: sun shiga? Ka je?

Sai da ganye ya fara zuba na ga labule a tagogin, da keken yara a jingine a bakin ƙofa. Na sauka daga bis, na tsaya a tsallaken titi ina shirya Faransancina kamar mai shiga jarrabawa. Da na ƙwanƙwasa, mijin ne ya buɗe, matashi, da burushin fenti a hannu. Na gaishe shi, na ce ni ne na nemi gidan kafin su, na sa an duba tukunyar, ga abin da aka gani.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce dillali ya gaya musu akwai wani da ya so ya karya kuɗin gidan da labarin tukunya. Ya ce an ce musu an share bututu, kuma shi ba ya son a riƙa yi mishi yawo a ƙofar gida. Na ce ba abin da nake nema, kawai kada su kunna sai wani ya auna. Ya ce ya ji, ya rufe ƙofa.

Na juya ina zagin kaina, ina zagin Mushe Paskal, har Baba Mele bai tsira ba a zuciyata. Na kai bakin titi sai na ji an buɗe tagar sama. Matar ce, da jariri a kafaɗa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce tun jiya da suka gwada ɗumama gidan kanta ke ciwo, ta ɗauka fenti ne. Ta ce wa ya duba mini? Na karanta mata lambar Madam Odil, tana dannawa da hannu ɗaya. Na ce ta bar tagar a buɗe, kuma ta kai yaron a duba shi yau. Ta ɗaga kai, ta shige.

Ni kuwa sai da wata shekara ta zagayo na samu haya a wani dogon bene, inda tukunya ɗaya ce ta kowa, can ƙarƙashin ƙasa, da mai kula da ita. Fanna ta fara lekol a Diffa, ta zo nan ta sake farawa. Har yau ban mallaki gida ba, kuma in na je hutu akwai masu tambayata yaya gidana na jan bulo.

Amma a makon da na ƙwanƙwasa ƙofar nan, ina cikin bis zan tafi aiki, na hango motar Madam Odil a gaban gidan, da wasu mutum biyu suna fitowa da tsohuwar tukunyar a kwance, mijin yana riƙe musu ƙofa. Ban jira Juma'a ba, na kira Baba Mele nan take na gaya mishi. Yana kasuwa, ana ta ciniki a kansa. Ya saurara har na gama, ya ce alhamdu lillahi. Sannan na ji ya juya yana gaya wa abokan cinikinsa cewa akwai wasu Turawa da gawayi ya kusa kashewa, Allah ya sa shi ya gano abin da wuri, ya tura surukinsa.